Tsakanin Adawa da Gaba: Abin da Na Koya a Umdurman

Duk shekara idan muka iso babin kalmomin aro, nakan rubuta kalmar "adawa" a allo, in tambayi ɗalibai ma'anarta. Amsar ba ta ba su wuya: jam'iyyar da ba ta kan mulki ita ce jam'iyyar adawa, wanda kuke takara da shi kuma abokin adawarka ne. Sai in sake tambaya, daga ina muka samo ta? Waɗanda suka ɗan taɓa Larabci su ce daga can ne, kuma a can ma'anarta ƙiyayya. Daga nan mu wuce zuwa kalma ta gaba. Ni ma haka aka koya mini, haka na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma ban san nauyin wannan ɗan bayani ba sai da na zauna a Umdurman, na ga da idona yadda adawa take komawa ga ma'anarta ta asali, da irin abin da ke biyo baya idan ta koma.

Binciken digirin digirgir ne ya kai ni Sudan a ƙarshen 2017. Ina nazarin Hausar mazauna can, yadda Larabci ya shige ta, da abin da ta riƙe wanda mu a gida muka yar. Na sauka a gidan wani dattijo tela, a wata tsohuwar unguwa ta Umdurman. Kakansa ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin Hajji, kamar dubban Hausawa da Fulani da suka bi hanyar gabas, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya har ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Guzuri ya ƙare wa kakan a hanya, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, zama ya kama shi. Jikan nan nasa, wanda nake ce wa Baba, bai taɓa ganin Katsina ba, amma Hausarsa ta girmi tawa. "Kurɗi" yake cewa, ba "kuɗi" ba.

Wani dare muna shan shayi a ƙofar gida ya tambaye ni labarin siyasar Nijeriya. Ina cikin bayani na ce "jam'iyyar adawa". Ya ajiye kofi ya dube ni, domin kunnensa rabi na Larabci ne. Ya ce, "Malam, ashe ku can duk wanda ya faɗi zaɓe maƙiyi kuke ce masa?" Na ce a'a Baba, kalmar ce ta yi laushi a bakinmu, ba haka muke nufi ba. Ya yi dariya ya ce, "Mu nan mu'arala muke cewa, kalma mai ladabi. Amma ka je gidan yarin Kobar ka ga inda ake ajiye masu ita."

Ga wanda bai san wurin ba, babban birnin Sudan garuruwa uku ne da gadoji suka haɗa. Hartum tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, a can fadar shugaban ƙasa take, da hedikwatar soja, da tsohuwar jami'a. Bahri tana arewa da ita. Umdurman tana yamma da kogin, ita ke da ƙubbar Mahadi, da gidan Halifa Abdullahi, da babbar kasuwa, da gidan rediyo, da ginin majalisar dokoki. Baba yana da 'ya'ya maza biyu a gida. Babban ma'aikacin gwamnati ne, ya shiga ƙungiyar 'yan kishin Musulunci tun yana jami'a, ya kuma yi imani cewa in babu su ƙasar za ta faɗa hannun marasa addini. Ƙaramin ya gama karatun injiniya, shekara uku babu aiki, yana tuƙa raksha, wato a-daidaita-sahu. A ganinsa waɗannan mutane sun shekara kusan 30 suna cin ƙasa da sunan addini. Kullum da dare mu huɗu muke zagaye babban tire ɗaya, wake da kisira da miya. Dokar Baba ɗaya ce: a yi gardama yadda aka ga dama, amma babu mai tashi daga tire kafin a yi hamdala. Na sha ganin an yi musu har jijiyar wuya ta tashi, sannan babban ya tura wa ƙaninsa tsokar nama.

A ranar 19 ga Disamba, 2018, mutanen Atbara suka fito saboda burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3, suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki. Kafin mako ya zagayo wutar ta iso Hartum da Umdurman. Ranar 6 ga Afrilu, 2019, jama'a suka yi sansani a ƙofar hedikwatar soja, ranar 11 ga wata sojoji suka sauke Umar al-Bashir. Masu zaman dirshan ba su watse ba, suka ce sai an miƙa mulki ga farar hula. Na je wurin sau da dama. Na ga masu shayi mata suna rabawa kyauta, na ga likitoci sun kafa tanti, na ga 'yan Darfur da 'yan arewa suna sallah a sahu ɗaya a kan kwalta. Duk wanda ya ga wannan wuri ba zai yarda a ce masa mutanen Sudan ba su san abin da suke so ba.

Sai dai ni mai nazarin harshe ne, kunnena yana kan kalmomi, kuma akwai abin da na riƙa ji wanda ya dame ni. 'Yan Sudan suna kiran mutanen tsohuwar gwamnati "kizan", tilonsa "koz", sunan kofin gwangwanin da ake shan ruwa da shi a randa. Da can laƙabi ne na zolaya. A watannin nan ya zama hukunci. Wanda ya azabtar da mutane a ɗakunan sirri koz ne, akawun da ya yanki katin jam'iyya don kada a hana shi ƙarin girma shi ma koz ne, har a cikin taken da ake rerawa akwai mai cewa za a tattake kowane koz. Ɗaya ɓangaren ma bai yi shiru ba. A bakinsu duk wanda ke filin ɗan gurguzu ne, mara tarbiyya, ɗan koren ƙasashen waje. Daga baya suka ƙago "gahata", daga taƙaitaccen sunan Gamayyar 'Yanci da Sauyi, wadda ta jagoranci farar hula. Irin wannan suna yana hutar da mai faɗarsa, domin da zarar ya liƙa wa mutum shi, ya sauke wa kansa wahalar sauraronsa. Mu ma mun san abin. Mutanen Kano ba su manta da santsi da taɓo ba, lokacin da jam'iyyar PRP ta dare biyu tsakanin mabiya Abubakar Rimi da mabiya Malam Aminu Kano, har siyasa ta shiga tsakanin maƙwabta da surukai. Wata safiya muka tashi muka tarar an rubuta "koz" da gawayi a bangon gidan Baba. Tun daga ranar babban ya daina zama a tire, ana kai masa nasa ɗaki.

Da asubahin 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, jami'an tsaro suka afka wa sansanin da harbi da duka da ƙone-ƙone. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe sama da mutum 100, hukuma ta ce 61. An tsamo gawarwaki daga Nilu. Shaidu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ɗora mafi yawan alhakin a kan dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hamidati, daga baya kuma kakakin majalisar soja ya amsa cewa su suka ba da umarnin a tarwatsa taron. Aka yanke intanet fiye da wata guda. Hatta Sallah ta rabu biyu: 'yan gwagwarmaya suka yi tasu ranar Talata, hukuma ta ce sai Laraba.

A gidanmu ba a yi ko ɗaya ba, domin ƙaramin ya kwana a filin, bai dawo ba, wayarsa a kashe. Babu wanda ya aiki babban. Ya sa takalminsa ya fita, ya ƙetare gada a ƙafa, ya bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya, har ɗakunan ajiye gawa ya shiga yana buɗe fuskoki. A wasu shingayen katinsa na aiki ne ya wuce da shi, a wasu kuma, inda matasa suka tare hanya da duwatsu, ɓoye shi ya yi. A rana ta biyu ya same shi a unguwar Burri, a gidan wasu mutane da ba su san shi ba, suka ɓoye shi suka ɗaure masa rauni a ka. Da suka shigo gida mahaifiyarsu ta faɗi tana kuka. Ƙaramin ya ce, "Yaya, mutanenku ne suka yi wannan." Babban ya ce, "Na ga abin da aka yi. Ban zo in kare kowa ba." A daren nan ya dawo tire. Bai canza ra'ayinsa na siyasa ba, kuma har yau bai canza ba.

A kwanakin da babu intanet Baba ya riƙa ba ni tarihi yana ɗinki, ni kuma daga baya na bi littattafai na tarar bai yi kuskure ba. Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1956, manyan jam'iyyunta suna jingine da gidajen addini biyu, Ansaru na gidan Mahadi da Khatmiyya na gidan Mirgani. A 1958 firaminista Abdullahi Khalil na jam'iyyar Umma ya ga alamar abokan kawancensa za su haɗa kai da Isma'il al-Azhari su kayar da shi a majalisa. Maimakon ya jira ƙuri'a sai ya buɗe wa Janar Ibrahim Abbud ƙofa. Ranar 17 ga Nuwamba, ranar da majalisa za ta zauna, soja ya karɓi mulki, ya rushe jam'iyyu duka har da ta wanda ya gayyato shi. A 1961 Khalil da Azhari suka tsinci kansu a tsare tare a Juba.

Jama'a suka kori Abbud a watan Oktoba na 1964, bayan 'yan sanda sun kashe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi a Jami'ar Hartum. Shekara guda kacal bayan haka, wani ɗalibi a kwalejin horar da malamai ta Umdurman ya furta kalaman ɓatanci ga iyalan gidan Manzon Allah (SAW) a wani taro. Aka ɗora wa jam'iyyar 'yan gurguzu, ita kuwa ta ce ba ɗanta ba ne. Majalisa ta gyara tsarin mulki, ta haramta jam'iyyar, ta kori wakilanta da jama'a suka zaɓa. Kotu ta ce wannan ya saɓa wa doka, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, alƙalin alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki. Da Kanar Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki ranar 25 ga Mayu, 1969, 'yan ra'ayin gurguzu da yawa suka mara masa baya, Awadallah ya zama firaministansa. A watan Yuli na 1971 Numairi ya rataye shugaban jam'iyyar, Abdulkhaliƙ Mahjub.

Na uku shi ne na 1989. A watan Nuwamba na 1988 Muhammad Usman al-Mirgani ya cimma matsaya da John Garang, jagoran 'yan tawayen kudu, wadda ta haɗa da jingine dokokin shari'a da Numairi ya kafa a 1983 har a yi babban taron tsarin mulki. Jam'iyyar Hasan al-Turabi ta ƙi. Gwamnatin Sadiƙ al-Mahadi tana shirin aiwatarwa sai ga juyin mulkin 30 ga Yuni, wanda mutanen Turabi suka kitsa suka ɗora Bashir a gaba. A 1999 Bashir ya raba Turabi da muƙaminsa, a 2001 ya kulle shi. Sau uku ke nan, kuma kowane babban ɓangare ya ɗana: na gargajiya, na hagu, na addini. Kowannensu ya kai matsayin da ya ga gara soja da abokin hamayyarsa, kowannensu kuma ya kwana a hannun sojan da ya kira. Baba ya yanke zare da haƙori ya ce, "Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Bayan kisan 3 ga Yuni mutane da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Amma Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan ranar 6 ga wata, firaministan Habasha Abiy Ahmed ya zo Hartum washegari, ranar 30 ga Yuni kuma jama'a suka cika tituna ba tare da intanet ba, da takardu da rubutun bango aka gayyace su. Masu shiga tsakani biyu, Muhammad al-Hasan Labbat ɗan Muritaniya da Mahmud Dirir ɗan Habasha, suka yi ta kai-komo har aka sa hannu a kan kundin riƙon ƙwarya ranar 17 ga Agusta. Aka kafa majalisar ƙoli mai mutum 11, soja 5, farar hula 5, da ɗaya da aka amince da ita tare, wata Kirista 'yar Kibɗawa. Wa'adin wata 39 ne, soja ya shugabanci 21 na farko, farar hula 18 na ƙarshe. Abdullahi Hamdok ya zama firaminista. A daren nan na ga Umdurman tana rawa. Na baro ƙasar wata guda bayan haka ina ganin na shaida abin da zan riƙa ba jikokina labari.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, yarjejeniyar ta raba kujeru, ta ɗage duk wata tambaya mai zafi zuwa gobe. Majalisar dokokin da aka ce za a kafa cikin kwana 90 ba a taɓa kafa ta ba, saboda haka babu zauren da masu saɓani za su je su yi saɓaninsu a fili. Kwamitin binciken kisan 3 ga Yuni bai fito da sakamako ba. Ba a yanke yadda ƙasa ɗaya za ta zauna da rundunoni biyu ba. An rushe tsohuwar jam'iyya mai mulki, an kafa kwamitin ƙwato dukiya da korar mutanenta daga aiki, wanda magoya baya suka ɗauka adalci ne, masu suka kuma suka ce babu ingantacciyar hanyar ɗaukaka ƙara. Ita kanta gamayyar farar hula ta dare. Ranar 16 ga Oktoba, 2021, wani ɓangare nata ya kafa tantuna a ƙofar fadar shugaban ƙasa yana kira ga soja ya rushe gwamnati. Bayan kwana 9 Janar Abdulfattah al-Burhan ya amsa kira, Hamidati yana gefensa. Na huɗu ke nan.

Hamdok ya dawo bisa wata yarjejeniya ranar 21 ga Nuwamba, titi ya kira shi maci amana, ya ajiye aiki ranar 2 ga Janairu, 2022. Kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, inda ƙaramin ɗan Baba yake, suka kafa sharuɗɗa uku: babu tattaunawa, babu tarayya, babu halattawa. Na yi musu da shi a waya a kan wannan. Na ce masa wanda ya rufe ƙofar magana ya bar wa mai bindiga fili. Ya ce, "Malam, mun yi magana a 2019, ga inda ta kai mu. Abokaina nawa aka binne tun daga nan?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa yanzu ina da ita cikakkiya ba.

A watan Yuli na 2022 abin ya iso ƙofar Hausawa. A jihar Shuɗin Nilu Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce baƙo ba ya sarauta a ƙasar da ba ta kakansa ba. Maganganun ƙiyayya suka cika Facebook, faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewaye, aka kashe sama da mutum 100. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, aka kashe kusan 200. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. 'Ya'yan Baba biyu suka fita tare, karo na farko a rayuwarsu. Babban ya ce mini a waya, "Ashe akwai waɗanda a wurinsu ni ba koz ba ne, ƙanina ba ɗan juyi ba ne, dukkanmu baƙi ne." Mutanen da kakanninsu suka noma audugar Jazira, waɗanda tsirensu ya zama abincin ƙasa har ana kiransa agashe da sunansa na Hausa, su ne aka wayi gari ana tambayar asalinsu. Dabi'ar liƙa suna idan ta kama gari ba ta tsayawa a kan jam'iyya.

Sauran labarin kowa ya ji shi. An sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya ranar 5 ga Disamba, 2022, ta cije a kan shigar da RSF cikin soja: soja ya ce shekara 2, RSF ta ce 10. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka wayi gari da harbi a Hartum. Alkawarin kare farar hula da aka ɗauka a Jidda ranar 11 ga Mayu bai wuce takarda ba. Ɗalibanmu suka tsere a motocin safa zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Gadar Shambat da nake bi zuwa Bahri ta karye a watan Nuwamba. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. A watan Maris na 2025 soja ya ƙwace fadar shugaban ƙasa, wadda ta zama kango. Farar hula kuwa sun sake rabuwa, wasu suna bayan soja, wasu sun bi RSF, wasu suna cewa a daina yaƙi, kowane rukuni yana da sunan zagi ga sauran.

Kada mai karatu ya fahimce ni a karkace. Alhakin jini yana kan wanda ya harba, da wanda ya ba da umarni, da ƙasashen da ke zuba makamai suna kwasar zinari. Matashin da ya rubuta "koz" da gawayi ba ɗaya yake da wanda ya jefa gawa a kogi ba. Abin da nake cewa shi ne, mai bindiga ba ya rasa farar hular da zai ce ita ta kira shi, kuma a tarihin Sudan bai cika yin ƙarya ba idan ya faɗi haka.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa sulhun manyan otal yake warwarewa, alhali na ga ƙananan sulhu suna riƙewa. 'Yan Sudan suna da abin da suke kira judiyya, masu yin ta kuma ajawid, wato dattawan sasanci. Baba yana cikin na unguwarmu, na kuma bi shi sau biyu ina ɗauke da tabarma. Ba sa fara haɗa masu rigima fuska da fuska. Sukan je wa kowa a gidansa, su saurare shi har ya gaji. Ranar zama, abu na farko shi ne a faɗi ɓarnar da aka yi da sunanta, a gaban wanda aka yi wa. Sai a tsayar da abin da za a biya, dangin mai laifi su ɗauka tare. Sai a karanta Fatiha, a kawo abinci. Ajawid ba su da kaso a cikin abin da aka yanke, kuma babu wanda ake kora daga unguwa. Judiyya ba za ta iya shari'ar kisan kiyashi ba, wannan aikin kotu ne. Amma idan aka auna yarjejeniyoyin Hartum da ma'auninta za a ga giɓin: ba a faɗi ɓarna ba, iyayen waɗanda aka kashe ba sa wurin, masu zaman su ne masu rabon kujeru, kuma kullum akwai ɓangaren da aka bari a waje yana jiran ranar ramuwa.

Baba bai bar Umdurman ba, ya ce kakansa ya yi tafiyar da ta ishi zuri'a. Da kasuwanni suka rufe, matasan unguwa suka kafa abin da ake kira takiyya, sunan da aka aro daga gidajen ciyarwa na shehunan ɗariƙu. Manyan tukwane ne a kan murhu, ana dafa wake ko adas, kowa ya zo da kwanonsa. Irin waɗannan ɗakunan agajin gaggawa sun tsiro ne daga kwamitocin gwagwarmaya, a kan al'adar da suke kira nafir, wadda ita ce gayya a wurinmu. Kuɗin yana zuwa daga 'yan'uwa mazauna waje ta waya. An kama masu wannan aiki, an kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa ɗayan aiki. A takiyyar unguwarmu ƙaramin ne ke kula da itace da ruwa, babban ke riƙe da littafin kuɗi, domin shi ne akawu, kuma matasan da suka yi masa rubutu a bango ba su sami wanda ya fi shi amana ba. Yana goyon bayan soja har gobe. Ƙaninsa yana cewa janar-janar biyun duka su tafi. A saƙon murya na ƙarshe da suka turo mini ina jin su suna musu a kan haka, ana kiran mutane su matso da kwanuka.

Ba don Sudan kaɗai nake wannan rubutu ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijar, shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou sun shafe kusan shekara ba sa ga maciji, har aikin gwamnati ya tsaya, sai Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kawar da su duka ranar 27 ga Janairu, 1996. A Nijeriya an yi murna a tituna bayan 15 ga Janairu, 1966 a wasu garuruwa, an yi bayan 31 ga Disamba, 1983 a wasu. Yau ma idan zaɓe bai yi wa mutum daɗi ba, za ka ga ya rubuta a shafinsa cewa gara soja ya zo. Mafi yawan masu rubuta haka ba a haife su ba lokacin da soja ya zo na ƙarshe.

Harshenmu yana da abin da zai tuna mana. Kafin "siyasa" ta zama sunan neman mulki, ma'anarta a Hausa lallashi ce da iya tafiyar da mutane. Idan aka ce a yi wa wane siyasa, ana nufin a bi shi a hankali. Bahaushe kuma ya ce abokin hamayya, ya ce abokin adawa, har maƙiyi ya kira shi abokin gaba, domin kalmar "aboki" a nan tana nuna wanda kuke cikin abu ɗaya da shi, kuna so ko ba ku so. Kakanninmu sun ɗauko "adawa" daga Larabci da zafinta, zamani ya sanyaya ta har ta zama sunan halattaccen matsayi a majalisa. Wannan sanyayawa aiki ne da mutane suka yi, kuma mutane suna iya warware shi.

Ga ɗalibaina da sauran masu bibiyar waɗannan darussa, ga ɗan aiki. Ku ɗauki mako guda kuna tattara sunayen da magoya bayan 'yan siyasa suke kiran juna da su a rediyo da Facebook da majalisun unguwa. Ku rubuta asalin kowane suna, da wanda ya fara liƙa shi, da ko masu shi sun karɓe shi ko sun ƙi. Sannan ku raba su gida biyu: waɗanda za ka iya kiran mutum da su ku ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya, da waɗanda in ka faɗa sai ɗayanku ya tashi. Ku kawo mini abin da kuka samu, mu duba tare wane gida ya fi cika.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu.